Karatun 'Yar Fari

A shekararmu ta biyu a Kebbe, wato shekara guda bayan an yanka mana Jihar Sakkwato, aka sallami 'yata daga makaranta tun ba ta shiga ba. Laifinta ɗaya, hannunta bai kai kunne ba.

Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnati ta buɗe karatu kyauta, kowane gari azuzuwa ake ginawa, yara kuma kamar fara. Babu mai takardar haihuwa, saboda haka hedimasta yakan tsayar da yaro ya sa shi ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. Wanda ya taɓo ya kai shida, ya shiga. Wanda bai taɓo ba sai baɗi. Maigidana, Malam Arzika, shi ne malamin asibitin garin, ya san ranar da aka haife ta har da sa'ar, ya san biyar take, amma ya ɗora ta a babur ya kai ta ko Allah zai sa a dace. Hedimasta ya duba takarda ya ce, "Zahara'u, aza hannu." Ta ɗora, ta miƙe wuya, ta yi ɗage, har ta karkatar da kai don ta taimaki hannun. Saura yatsa biyu. Aka ce ta dawo baɗi.

Ku shaida, ba ni na faɗi sunan nan ba, hedimasta ne ya faɗa. Ni Hindatu ba na faɗinsa, kuma dalilina biyu ne. Na farko sunan surukata ta ci. Na biyu ita ce 'yata ta fari, kuma a gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki zama ki ƙura masa ido, ba ki yabonsa, in ya faɗi a gaban mutane sai dai wata ta ɗaga shi. "Ke" nake ce mata, ita kuma tana ce mini Adda, kamar wata yayarta. A babban gida a Tambuwal abin ba ya ciwo, don akwai goggonni goma masu ɗauka da rarrashi. A Kebbe kuwa gidan gwamnati aka ba mu, ɗaki biyu a bayan asibiti, can bakin gari, daga ni sai ita sai ƙanenta Atiku da ke goye. Maƙwabciya ɗaya gare ni, Tambaya, matar mai gadin asibiti.

Mako guda bayan abin kunnen, Namadi direban motar kasuwa ya kawo wasiƙa daga Tambuwal, da ajami, da hannun surukata Inna Modibbo. Modibbo muke ce wa mace malama, kuma ita ta kai, don rabin matan unguwarsu a gabanta suka yi karatu. Wasiƙar ba ta da tsawo. Tunda boko bai karɓi takwararta ba, bayan sallar layya tana nan tafe ta ɗauke ta, ta buɗe mata baki da karatu.

Wani zai ce me ya hana a sa ta makarantar allo a cikin gari. Abin da ya hana shi ne a gidan su Malam ba a kai yaro waje a fara masa Fatiha. Tun kaka da kakanni ɗan gida ne ke buɗe wa ɗan gida baki, suna alfahari da haka kamar yadda wasu ke alfahari da shanu. Ni kuma na san ma'anar "ɗauka". Ba aron wata uku ba ne. Yarinya za ta tafi ke nan, ta girma a can, in riƙa ganinta salla-salla tana gaishe ni daga nesa. Ba na so. Wallahi ba na so, har cikin ƙashina. Amma uwar da ta buɗe baki ta ce tana son 'yar farinta kusa da ita, har jikokinta sai an yi musu gori da maganar.

Malam ma ba ya so, sai dai shi ba ya iya ce wa uwarsa a'a ko da a mafarki. Ya juya wasiƙar ya sake juyawa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In Inna ta ishe karatu ya riga ya kankama nan gida, ƙila ta yi haƙuri."

Na ce, "Wane karatu?"

Ya ce, "Bari in zaka daga Sakkwato, kya gani."

Da ya je karɓo magunguna sai ya dawo da kwali ɗaure a bayan babur, yana ta murmushi kamar wanda ya harbo barewa. Littattafai ne na makarantar rainon da 'ya'yan manyan ma'aikata ke zuwa a birni. Takarda mai santsi, hotuna masu launi, duk da Turanci. Ga tuffa, ga jirgin ƙasa, ga yara jajaye suna wasa cikin ƙanƙara da huluna. Har da fensira masu launi goma sha biyu da wani littafi mai kauri na jagorar malami. Ya samo wata babbar takardar rigakafi daga asibiti, ya juya bayanta ya zana jadawali da rula, kowane darasi minti ashirin, ya manna a bango. Ƙararrawa kuwa gwangwanin madara ne da cokali.

Kwana uku ya yi yana malanta. Ran farko yana tsakiyar darasi aka kawo wanda kunama ta harba. Ran na biyu ya kai hoton tuffa, yarinyar ta ce, "Baba, mi at wagga?"

"Tuffa ta."

"Ɗanɗanonta kamar gwaiba?"

Shi ma bai taɓa ci ba. Ya ce kamar tuffa take, ya buga gwangwani tun lokaci bai yi ba. Ran na uku ya miƙo mini littafin jagorar ya ce aiki ya yi masa yawa, ai ni ce na yi kwaleji.

Gaskiya ne, na yi. Na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina a Sanyinna, na gama firamare, na yi shekara biyu a kwalejin horon malamai mata kafin aure. Na buɗe jagorar ina karantawa a hankali. Darasi na ɗaya ya ce malama ta zaunar da yaro a gabanta, ta dube shi a ido, ta kira sunansa, in ya amsa daidai ta yaba masa. Na rufe littafin na ajiye. Wanda ya rubuta shi bai taɓa haihuwar ɗan fari a ƙasar Sakkwato ba.

Duk da haka ban zauna ba. Wata biyu ne tsakaninmu da layya, kuma karatun nan shi kaɗai ne bakin da nake da shi na cewa a bar mini ɗiyata. Na ɗauko littafin rubutu mai shafi arba'in, da rana in sun yi barci sai in zauna ina auna hanyoyin. Ta kwalin Malam tana da hoto da launi, yaro na son su, amma tana gudu da agogo ko yaro ya gane ko bai gane ba, kuma duk abin da ke ciki babu shi a Kebbe. Ta gidan Inna ba ta gaggawa, ba a wanke allo sai yaro ya iya abin da ke kai, amma babu ƙirga a ciki, babu baƙaƙen boko, ga shi baɗi makaranta na jira. Ta kwalejinmu kuwa an tsara ta ne don yara arba'in a kan benci, ba don yarinya ɗaya a tsakar gida ba.

Sai na yi ɗinkin tsumma, na yanko nan na yanko can. Da hantsi Fatiha da gajerun surori, da ka, ba allo, don allo na Inna ne, ban isa in riga ta ba. Da walaha ƙirga da gyaɗa, tunda kaka ce, ga ta nan buhu guda marasa lafiya sun kawo wa Malam. Bayan azahar baƙaƙen boko a kan yashi, biyu a mako, da 'yan kalmomin Turanci daga kwalin don kada ran Malam ya ɓaci. Na rubuta komai tsaf, rana-rana, har zuwa jajibirin salla.

Saura abu ɗaya, yadda zan koya wa wadda ba na duba. Nan ne na yi dabarar da na ɗauka ta fi ta kowa. Na kwance Atiku daga goyo, watansa bakwai, na zaunar da shi a tabarma na tokare shi da matashi, na zuba gyaɗa a gabansa. Yarinyar tana gefe tana wasa da 'yartsanarta ta kara. Na ɗaga murya na ce, "Atiku, gyaɗa nawa ag ga nan? Ɗaya, biyu, uku..."

Atiku ya kai ɗaya baki, na ƙwace. Daga gefe aka ce, "Fuɗu!"

Na ce, "Madalla, Atiku! Fuɗu na." Na ɗaga shi sama na yi masa rawa.

Haka muka yi ta yi. Ni ina tambayar Atiku, ita tana amsawa, shi yana karɓar yabo yana dalalar da miyau. Tambaya ta leƙo ta katanga wata rana ta ga abin, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Hindatu, wanga almajiri naki in yas sauke ki kira ni walima." Dariya ko ba dariya ba, abin ya yi aiki. Cikin mako biyar yarinyar ta kai ashirin a ƙirga, ta riƙe Fatiha da surori shida, ta san baƙaƙe tara. Ina jin daɗi ina ganin kaina mai wayo. Abin da ba na iya faɗa da baki sai in rubuta a gefen shafi, tunda babu mai karantawa sai ni.

Ran wata Talata na zuba gyaɗa na yi tambaya, shiru. Na maimaita, shiru. Na saci kallo, ga ta zaune ta juya mana baya tana tsefe kan 'yartsana.

Na ce, "Atiku, yau ba ka da baki?"

Ba ta juyo ba ta ce, "Adda, karatun Atiku na. Shi amsa."

Washegari ma haka, jibi ma haka. In na shimfiɗa tabarma sai ta ɗauki 'yartsanarta ta tafi wajen Tambaya. Tambaya ce ta zo ta faɗa mini sauran, ba ta dariya wannan karon. Ta ce yarinyar ta ce ita Tambuwal take son zuwa wurin Inna, don can ita ake koya wa, nan kuwa Atiku kaɗai ake so.

Maganar ta soke ni. Mako biyar ina yabon jariri a kan ƙoƙarinta, ina masa rawa a kan idonta, ban taɓa tunanin yadda abin yake daga inda take zaune ba. Na ji haushin kaina, na ji haushin Malam da kwalinsa, na ji haushin duk tsohuwar da ta fara ƙirƙiro wannan kunya. Na ƙudurta zan karya ta. Da yamma na same ta ita kaɗai a bakin murhu, na tsaya a gabanta, na buɗe baki zan ce mata ita ce mai ƙoƙarin, ita nake koya wa tun farko. Harshena ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Ke, miƙo mani ludayi." Ta miƙo ta tafi.

Kwana biyu bayan layya Inna Modibbo ta sauka daga gaban motar Namadi, da kwandonta da butarta da wani ɗan allo sabo fil naɗe a zane. 'Yar gajeruwa ce siririya, da tabarau da ta sayo a Makka, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa ta maimaita magana ba. Yarinyar ta ruga ta maƙale ta. Inna ta ɗaga ta tana cewa, "Takwara, takwara, kin yi tsawo, hedimasta na bai da ido." Ni ina durƙushe ina gaisuwa.

Washegari da hantsi ta zauna a tsakar gida ta ɗora takwararta a gefen cinya, ta ce bari ta ɗanɗana mata tun kafin su tafi. Ta ja Bismilla. Kafin ta rufe baki yarinyar ta karɓe, ta zuba Fatiha har ƙarshe, ta wuce Nasi, ta wuce Falaƙi, sai da ta kai surori shida ta tsaya ta numfasa.

Inna ta cire tabarau. "Wa yab buɗe maki baki?"

"Ba kowa. Atiku aka koya ma, ni kau ina ji."

Inna ta juya ta dubi Atiku, yana kwance a tabarma yana tsotson babban yatsan ƙafarsa. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Ashe gidanga akwai babban almajiri ban sani ba. Hindatu, zaka ki gwada mani yadda kuka karatu."

Babu yadda zan yi. Na tokare Atiku da matashi, na zuba gyaɗa, na tambaye shi. Babu wanda ya amsa. Shi ya kama dariya, yarinyar ta sunkuyar da kai, ni kuma na zauna da gyaɗa a hannu kamar mai talla a gidan makoki.

Malam ya shigo ana cikin haka, ya ga an riga an tona, sai ya ɗauko kwalinsa da jadawalinsa yana bayani. Inna ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da raini ba. Daga nan ta ce ai wannan ba shi ne abin da yarinya ta karanto ba, ina tsarin da aka bi? Na ɗauko littafina don dole. Ba ta karanta boko, saboda haka ta miƙa wa ɗanta ta ce ya karanta mata, kada ya tsallake komai.

Shi kuma bawan Allah bai tsallake ba. Ya karanta darussan, ya karanta har abin da ke gefen shafi, da muryarsa ta karanta takardar magani. "Yau ta kai sha biyu, ta yi tsalle." "Ba ta son a gyara mata da sauri, a bari ta gano da kanta." "In ta gaji takan ja kunnenta na hagu, a tsaya." "Yau ta yi dariya har ta faɗi, muryarta irin ta Inna." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Uwar ɗan fari, a gaban suruka, ana karanta mata zuciyarta shafi-shafi.

Inna ta mayar da tabarau ta koma kan tsarin, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta ce a cire Turanci sai an shiga makaranta, harshe uku sun yi wa kai ɗan shekara biyar yawa. Ta ce jadawalin agogo a sauke shi, yaro ba mota ba ne, kiran salla ya isa ƙararrawa. Daga kwalin ta ware littafin dabbobi da fensira masu launi ta ce waɗannan a bar su, jaki jaki ne ko a wace ƙasa. Ƙirga da gyaɗa ta ce bai taɓa zuwa mata a rai ba, kuma za ta gwada shi da nata ɗaliban. Baƙaƙen boko a rage su zuwa ɗaya a mako. Surori kuma a cika goma da ka kafin a taɓa allo, sannan a fara babbaƙu, wato baƙaƙen Larabci tsirara ba wasali, kuma kada a wanke sai ta iya. Ina ji ina cewa to, a raina kuwa ina cewa duk wannan gyara na mene ne, tunda tafiya za a yi da ita.

Ta sallami Malam ya koma asibiti, ta aiki yarinyar wajen Tambaya. Muka rage mu biyu da Atiku.

Ta ce, "Kin san Dikko, ɗan farina, wan maigidanki. Shina da shekara fuɗu anka kai shi Jabo wurin kakanai. Ɗiyan mutane nawa nib buɗe ma baki, ban san iyaka ba. Amma Fatihar ɗana ban ji ta ba sai da yag girma, shina limanci, ni ina bayan katanga." Ta gyara bakin mayafi. "Ban ce an yi mani laifi ba. Hakanan munka ishe."

Na ɗauka sauƙi ya zo. Sai ta ce, "Ki haɗa mata kayanta. Gobe da safe nika ɗaukat ta, yadda nic ce."

Na haɗa. Riguna uku, zane biyu, takalman salla, 'yartsanar kara. Ina ninkewa hawaye na zuba a kan kayan, ina juya baya kada a gani, don ko kukan ma ba ni da izninsa.

Da safe Inna ta sa aka kira Tambaya da mijinta, ga Malam a tsaye. Ta ɗora wa yarinyar ƙullin kayanta a ka, ta kama hannunta, ta ce, "Ku shaida, na ɗauki takwarata. Daga yau ɗiyata ta." Suka ce sun shaida. Yarinyar ta ce, "Adda, sai wata rana," tana murna. Na ce a sauka lafiya, na shige madafa na tsaya ina kallon tukunyar da babu komai a ciki. Na ji ƙarar ƙyauren gida ya rufe.

Ban san ko minti nawa aka yi ba, sai na ji sallama a ƙofa, muryar Inna.

"Salamu alaikum. Malama na ciki?"

Na fito ina goge fuska, na ɗauka mantuwa suka yi. Ga ta tsaye riƙe da hannun yarinyar, ɗaya hannun da ƙullin goro da ƙwaryar gero, irin abin da ake kai wa malami ran da aka sa yaro karatu. Su Tambaya na biye da ita, Malam ma ya dawo yana raba ido, da alama shi ma bai san da shirin ba.

Ta durƙusa. Inna Modibbo, a gabana, ta ajiye goro da gero. Na yi sauri na zube ƙasa na fi ta durƙusawa.

Ta ce, "Malama, ga ɗiyata na kawo maki karatu. Ni na tsufa, kuma ƙirga da boko ba ni da su. Na bincika, an ce mani ke ɗiyag gida ta, kuma hannunki na da albarka. Ta zauna wurinki, ci da sha da kwana, kamar kowane almajiri. Salla-salla a kawo mani ita in ji inda anka kai."

Ta matso ta rage murya, amma yadda shaidu za su ji.

"Malami ba shi kunyar almajirinai. In kin shimfiɗa tabarma, ki dube ta, ki yaba mata, ki tsawata mata, ki kama hannunta ki gwada mata. Wanda duk yay yi maki gori ki turo mani shi. In an tashi karatu kau, ki koma ga kunyarki, ban hana ba."

Tambaya ta rangaɗa guɗa. Inna ta miƙa mini ɗan allon da ta zo da shi ta ce in ajiye sai an cika surori goma. Ta shafa kan takwararta, ta ce ta yi wa malama biyayya, ta ɗauki butarta ta fita. Malam ya kai ta tasha a babur.

Yarinyar ba ta ji daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. An ce Tambuwal, an ɗora mata kaya, sai ga ta a tsakar gidan da ta baro. Ta tsaya ta turo baki, ƙullin na kanta har yanzu. Tambaya ta sauke mata, ta saɓi Atiku ta ce yau almajirinta ne, ta fice da shi ta ja mana ƙyaure.

Na shimfiɗa tabarma. Na zauna, na nuna mata gabana, ta zauna tana kallon ƙasa. Na share yashi da tafin hannu na zana baƙi ɗaya, na ce, "Mi ne ne wanga?"

Ta ce, can ƙasa, "Ba."

Na ce, "Madalla. Kin iya."

Ta ɗago ta waiga dama, ta waiga hagu, tana neman wanda ake wa magana. Babu kowa. Ta nuna ƙirjinta. "Ni?"

"Ke."

Na kama hannunta na ɗora yatsanta a kan yashin muka zana tare. Rabon da in riƙe hannun nan haka tun ina yaye ta. Ta zana nata ita kaɗai, ya karkace, ta goge ta sake, na bar ta har ta gano. Can ta ce, "Adda..." sai ta gyara, "Malama, in gwada maki wani abu?" Ta buɗe baki ta tura haƙorinta na ƙasa da harshe, yana girgiɗi. Ta ce ya kwana shida haka, ba ta faɗa wa kowa ba. Na riƙe haɓarta na duba da kyau, na ce zai fita wani ya fito wanda ya fi shi. Na daɗe ina dubawa, fiye da yadda haƙori ɗaya ke bukata.

Muka yi surori, muka yi ƙirga, muka buɗe littafin dabbobi ta shafa wa jaki kore na ƙyale ta. Rana ta take tsaka, inuwa ta gudu daga inda muke, muka ja tabarma muka bi ta. Ban ɗora tukunya ba. Ladan ya kira azahar daga cikin gari, ta ɗago kai ta dube ni.

"Malama, an tashi?"

Na ce, "Da saura."